NAMAN DA KA SAN ASALINSA



 Yau ba saiwa ko sassaƙe na kawo muku ba. Maganar nama za mu yi, naman nan da uwargida ke sakawa a miya, wanda ake yi wa maijego farfesu da shi, wanda muke ba mara lafiya romonsa don ya ji ƙarfi. A daure a karanta har ƙarshe.

*Abin da ya jawo maganar*

Kwanakin baya aka yi suna a gidan wani maƙwabcina a nan Gaya. Ɗansa da ke aiki a birni shi ya aiko da rago, ƙato, kowa ya gani sai ya ce tubarkalla. Ni aka kira na yanka. Ina wanke hannu ke nan sai mahauci ya ɗaga murya: "Malam, zo ka ga ikon Allah." Na leƙa tumbin da ya farke. Leda ce dunƙule, baƙa da fara, ta murɗe kamar igiya, har da guntun tsumma a ciki. Da aka zo kan cinya kuma, ga wani wuri ya taurare ya yi ruwan ɗorawa, alamar inda aka soka allura ba da daɗewa ba.

Maigidan ya dube ni ya ce, "Malam, ya halatta kuwa?" Na ce masa yanka ya yi, suna ya yi. Muka yanke wurin allurar muka yar, tumbin ma aka zubar. Amma na koma gida zuciyata ba daɗi. Wadda za ta fi kowa cin naman nan maijego ce, ga jariri ɗan kwana 7 yana shan nononta. Kuma babu ɗaya daga cikinmu da zai iya cewa ga irin allurar da aka yi, ko ga ranar da aka yi ta.

Abin da ya fi ci mini rai, a unguwar nan tamu kaɗai akwai gidajen da ake turka raguna da harawa da dusa, muna ganinsu safe da yamma. An tsallake su, an sayo na inda ba a sani ba, don ya fi girma a ido.

*Abincin dabba shi ne abincinka*

Ɗan uwa, duk inda Alƙur'ani ya yi umarni da cin halal a suratul Baƙara, ya haɗa shi da ɗayyib, wato mai kyau, mai tsarki, wanda ba ya cutarwa. Mu kuwa galibi mun tsaya a kan wuƙa. In dai an ambaci sunan Allah an yanka, shi ke nan.

Malaman fiƙihu ba su tsaya nan ba. Suna da babi guda a kan abin da ake kira jallala, wato dabbar da mafi yawan abincinta ƙazanta ce. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hani ga cin namanta da shan nononta. Malamai sun yi saɓani a kan ƙarfin hanin: Malikiyya sun sauƙaƙa, Shafi'iyya sun karhanta, Hanabila suka ce a'a, sai an tsare ta an ciyar da ita abinci mai tsarki tukuna. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara musu yarda, yakan tsare kazar da ke cin ƙazanta kwana 3 kafin ya yanka.

Ku lura, ba ina cewa ragon da ya haɗiyi leda haramun ne ba. Darasin da nake so mu ɗauka shi ne, tun fiye da shekara dubu magabata suka gane cewa abin da ya shiga cikin dabba yana biyo namanta da nononta zuwa cikinka. Akuyar da ta wuni a bola da bakin kwata, da wadda ta wuni tana tsintar 'ya'yan gawo a gona, ai ba za su zama ɗaya a tukunya ba.

*Allurar da ido ba ya gani*

Leda ana ganinta. Abin da ya fi ta haɗari ba a ganinsa. Yau kowa likitan dabbobi ne. Mutum zai shiga kasuwa ya sayi kwalbar allurar nan da makiyaya ke kira LA, ya ɗirka wa sa yau, jibi ya kai shi kasuwa. Wasu ma har ƙwayar sha-ka-fashe suke ba dabba don ta kumbura ta yi kyan gani.

Kowane maganin dabbobi na ƙwarai yana da kwanakin jira a rubuce a jikin kwalbarsa, wato kwanakin da za a bari kafin a yanka dabbar ko a sha nononta, don maganin ya gama fita daga jiki. Na LA daga mako 3 ne zuwa sama. In aka yanka kafin lokacin, ragowar maganin tana nan a tsoka, ta fi taruwa a hanta da ƙoda, kuma dahuwa ba ta kawar da ita duka.

To, mece ce illar? Irin waɗannan magunguna dangin waɗanda likita ke rubuta wa ɗan Adam ne. Idan ana yawan zuba su barkatai, a jikin mutum ko a jikin dabba, ƙwayoyin cuta sai su saba da su, su daina jin tsoronsu. Ranar da ɗanka ya kwanta da ciwon da da can kafso ɗaya ke kwantar da shi, sai a sha a sha, shiru. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta fitar a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi yi wa ɓarna. Gaskiya ne, shan kafso da muke yi daga kemis ba da umarnin likita ba yana da kaso babba a ciki. Amma na dabbobi ma yana da nasa. Shi ya sa ƙasashen Tarayyar Turai suka hana ba dabba irin wannan magani don ƙiba tun 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi kira a 2017 da a daina ba lafiyayyar dabba shi.

Yanzu ka tambayi kanka: a teburin mai nama, da me za ka gane an cika kwanakin jira? Ba ka da na'ura, ni ma ba ni da ita. Hanya ɗaya ta rage wa talaka irina da kai: ka san wanda ya yi kiwon.

*Yadda ake kiwo a gidajenmu*

Duk wanda ya taso a ƙasar Gaya da Ajingi ya san wannan tsari, ko a Kademi yake, ko Shagogo, ko Toranke, ko Balare. Ni ma ina yaro na yi shi, kafin a kai ni gaban malam da kuma bayan an tashi daga karatun safe.

Da damina, tunda gonaki sun rufe, a turke ake ɗaure awaki da tumaki. Yara su fita da lauje su yanko kyasuwa da harkiya da yaɗiya. Da kaka, a naɗe harawar wake da ta gyaɗa a ɗora a kan bishiya ko saman soro, a tara karan dawa da kowar wake. Da rani a sake su su bi gonaki suna kalar karmami. Nan ne gawo ke nuna baiwar da Allah ya yi masa: lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, shi lokacin yake fitar da ganye, ya zubo da 'ya'yan da dabbobi ke rububi. A gida kuma ga dusa, ga ƙasari, ga 'yar kanwa. Da bazara sai a kwashe takin turke, a loda a mangala ko amalanke a kai gona.

Ka ga zagayen? Gona ta ciyar da dabba, dabba ta ciyar da gona, su biyun su ciyar da gida. Ba abin da ake zubarwa. Wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin karkarar Kano, yana neman sanin yadda ƙasa mai cunkoson jama'a haka ake noma ta kowace shekara ba hutu amma ba ta mutu ba. Amsar da ya samu ita ce wadda kakanninmu suka sani: taki, da itatuwan gona, da haɗa noma da kiwo.

Haka tsakanin manomi da Bafillatani. A da, in an gama girbi, manomi ne ke roƙon makiyayi ya zo ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, har a ba shi damin hatsi tukuici.

Dabbobinmu ma na ƙasar ne: jar akuya, tunkiya 'yar ƙasa, farar saniya Bunaji, kazar Hausa, zabo. Sun saba da zafinmu da ƙarancin abincin bazara. Kazar gidan gona mako 6 zuwa 8 ta isa yanka, tamu sai ta yi wata 5 ko 6 tana tono. Shi ya sa romonsu ba ɗaya ba. Masana abinci sun tabbatar naman dabbar da ta tashi a kan ciyawa bai kai na wadda aka ɗura wa hatsi kitse ba, kuma yana da ɗan fifiko wajen nau'in mai mai amfani ga zuciya. Fifikon ba mai yawa ba ne, kada wani ya ruɗe ka. Babbar ribar ita ce sanin asali.

Wani abu kuma: yawancin awaki da tumakin gidajen nan na mata ne. Akuyar nan ita ce asusun uwargida. Da ita ake kai yaro asibiti, da ita ake haɗa kayan ɗakin 'ya mace, da ita bazawara ke rufa wa kanta asiri.

*Abin da ke shaƙe masu ƙaramin kiwo*

Na farko, fili. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe dazuzzukan kiwo. Yau je ka duba burtalin da ka sani kana yaro. Wani an shuka gero a kai, wani an yanka filaye. Shanu ba su da fukafukai. In hanya ta toshe sai su faɗa gona, daga nan sai rigima, wani lokaci har da jini.

Na biyu, ciniki. Mai akuya ɗaya ba ya sayarwa sai dole ta kama shi: ciwo, ko kuɗin makaranta, ko takin zamani da shuka ta ƙarato. Masu tare hanya sun san haka. Tun kafin ya isa kasuwa sun tare shi sun karya masa farashi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tare masu kawo kaya kafin su shigo kasuwa su san farashi, hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Ba ina zagin dillalai ba ne, akwai masu amana a cikinsu da yawa. Amma je ka Wudil ran Juma'a ka ga yadda ake loda manyan shanu a tirela ana yin Kudu da su. Mai wahalar kiwon kaɗan yake samu, mu kuma da ke kusa da shi ba mu ci mai kyan ba.

Akwai wani labari a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da kuma Buhari da nake so shugabanninmu su riƙa tunawa. Sayyidina Umar ya naɗa wani bawansa mai suna Hunayyu ya kula da makiyayar da hukuma ta keɓe. Ya yi masa wasiyya da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma kada ya fifita garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, su waɗannan in dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa ƙaramin, da 'ya'yansa zai zo ƙofar halifa yana kuka. Dubi fa, manyan sahabbai biyu, amma aka gabatar da mai ƙaramin garke a kansu.

Yanzu muna da dajin kiwo na Dudduru a wannan yanki namu. An kawo shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano, KSADP, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa, ya kuma yi ta gudanar da rigakafin dabbobi kyauta. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo ta musamman. Madalla. Fatanmu dai a auna duk wannan da ma'aunin Umar: mai akuya uku ya amfana kuwa?

*To, kai me za ka yi?*

Kada ka jira gwamnati. Kuɗin cefanenka ma hukunci ne, duk inda ka kai shi can ka raya.

1. In suna ko layya ko biki ya taso, fara dubawa a unguwarku da ƙauyukan kusa. Kai da ke Kano ko Abuja, turo kuɗin gida a saya a nan.

2. Yi tambaya uku kafin ka taya: me take ci? Yaushe aka yi mata allura ta ƙarshe? Me ya sa za a sayar? Maƙwabcin da za ku haɗu a masallaci gobe da wuya ya yi maka ƙarya.

3. Ku farfaɗo da watanda. Gida 10 ko 20 ku haɗa kuɗi, ku wakilta amintattu biyu su je ruga ko gidan mai turka, a sayo, a sa malamin dabbobi ya duba, a yanka a kasa a gaban kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba sai da salla ba, ko wata-wata ana iya yi. Wanda ba shi da firji ya soya, ko a yi banda, ko dambu. A tuna dai watanda daban, layya daban, kowanne da hukuncinsa.

4. In dole ta sa ka saya a kasuwa wurin wanda ba ka sani ba, saya da wuri. Kawo gida ka tsare mako 3 zuwa 4 a kan harawa da ruwa mai tsabta. Ledar da ta riga ta shiga ba za ta fita ba, amma magani zai samu lokacin fita.

5. Kada ka matse mai buƙata. In ka ga bazawara ta fito da akuyarta, ka san ba don daɗi ba ne. Ba ta farashin kasuwa. Araha ba ta ado.

6. Daina yar da leda a titi. Wadda ka yar yau, wataƙila ita za ka tarar a tumbin ragonka.

*Gare ka mai kiwo*

Kai ma amana tana wuyanka. Kada ka yi allura sai da shawarar malamin dabbobi. In an yi, rubuta ranar ko a bangon ɗaki ne, ka ƙirga kwanakin jira, na nama da na nono. Kai dabbobinka rigakafi in an zo yi, ciwon huhun shanu ba ya jin sassaƙe, ni mai sassaƙen nake gaya maka. Kada ka ɗura wa dabba gishiri da ruwa ranar kasuwa don cikinta ya fito. Shari'a ta hana ko tara nono a hantsa don a ruɗi mai saye, balle wannan. In akwai aibi, faɗa. Ranar da mutanen birni suka tabbatar naman Gaya da Ajingi abin yarda ne, su za su biyo ka har gida.

*Kada a yi mini gurguwar fahimta*

Kiwon sake ma yana da nasa cututtukan. Dabbar da ke kiwo a fadama tana kamuwa da ciwon hanta. Idan aka yanka ka ga hantar ta taurare, da fararen jijiyoyi masu kauri, ko wasu tsutsotsi masu faɗi kamar ganye, yar da ita. Idan ka ga ƙwayoyi farare kamar shinkafa a cikin tsoka, ko huhu ya manne da haƙarƙari yana da ƙulli-ƙulli, tsaya, kira malamin dabbobi. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a taɓa, wannan alamar ciwon saifa ce, yana kama mutum yana kisa. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a yankin Suleja ta Jihar Neja. Nono kuma, ko daga saniyarka aka tatso, a tafasa shi kafin a sha ko a yi kindirmo, saboda bakkale da tarin fuka. Nama a dafa shi ya nuna har ciki.

Sannan a ci da ƙa'ida. Sayyidina Umar ya gargaɗi mutane cewa nama yana da jaraba irin ta giya. Mai hawan jini da mai ciwon zuciya su rage kitse da gishiri. Mai ƙarancin jini da maijego nama da romo suna taimaka musu. Mai juna biyu kada ta yawaita hanta. Gara ɗan kaɗan mai kyau sau biyu a mako da tuli kullum na wanda ba a san asalinsa ba. Wanda kuma ciwo ya kama, ya je asibiti a auna shi.

Shi wannan maƙwabcin nawa, da babbar salla ta zo, ɗan nasa kuɗi ya turo. Muka hau babur muka nufi wani ƙauye ta wajen Ajingi, gidan wata dattijuwa mai riƙon jikoki marayu. Ragon bai kai na birni girma ba. Ta nuna mana turkensa, ta nuna mana harawar da ta rage, ta ce rabonsa da allura tun rigakafin da aka yi musu. Muka biya ta abin da ta faɗa, ba mu rage ba. Da aka yanka, tumbin ba komai sai ciyawa.

Allah ya ciyar da mu halal mai kyau, ya sa albarka a gonakinmu da turakunmu, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa 'yan uwa, musamman masu kiwo da mahauta da iyaye mata, don su ma su amfana.

Wallahu a'alam.